Haraji, tsaro da rijiyar burtsatse: Ina majalisun jihohi suka tsaya?

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, manyan biyu daga cikinsu kuma suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Kusan duk hayaniyar da aka sha kafin a kai ga haka, Abuja aka nufa da ita. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka ce ba su lamunci tsarin rabon harajin VAT da aka zo da shi ba, sanatoci suka yi ta cacar baki, malamai suka hau mumbari, daga bisani aka daidaita. To amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, da wuya ya ga jami'in Abuja a bakin shagonsa. Mai zuwa masa da rasit ma'aikacin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, ko wani matashi mai riga mai ƙyalli da ba a san takamaiman wanda ya aiko shi ba. Dokar da za ta ba waɗannan izinin karɓa, ko ta taka musu birki, a zauren majalisar dokokin jiha ake yin ta.

Wannan zaure shi ne wanda jama'a suka fi mantawa da shi a cikin rassan gwamnati. Mutum zai iya kawo sunan sanatansa da na ɗan majalisarsa na tarayya, amma in aka tambaye shi ƙudurin da majalisar jiharsa ta zartar a watan jiya sai ya yi zuru. Alhali kuwa Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai raina ta ba. Sashe na 91 ya ce kowace majalisa ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta haura 40 ba, shi ya sa Kano ke da 40, Kaduna da Katsina 34 kowace, Zamfara 24. Sashe na 104 ya wajabta mata zama na kwana 181 aƙalla a shekara. Sashe na 120 ya hana a fitar da ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da amincewarta. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike don bankaɗo almundahana da ɓarnar dukiya, har da ikon kiran duk wanda take buƙata ya bayyana a gabanta.

Dukiyar da aka ɗora mata tsaro kuwa ta ninka. Kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa matakan gwamnati uku duk wata daga asusun tarayya bai kai Naira tiriliyan ɗaya ba. A wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan biyu. Kasafin Kano na 2025 ya kama Naira biliyan 719, na 2026 kuma ya tsallake tiriliyan ɗaya a karon farko. Gaskiya ne faɗuwar darajar Naira ta cinye kaso mai yawa na wannan ƙari, amma duk da haka kuɗin da ke ratsa hannun gwamnoni a yau ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma mutum 24 zuwa 40 ne kacal doka ta ɗora wa alhakin tambayar inda ya shiga.

Rasit nawa a kan buhu ɗaya

Sabbin dokokin sun ƙara wa jihohi kaso a harajin VAT daga kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, tarayya ta sauko daga 15 zuwa 10, ƙananan hukumomi suka tsaya a kan 35. Wannan shi ne ɓangaren da gwamnoni suka yi maraba da shi. Akwai wani ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba. Harajin albashi, wanda ake cirewa tun kafin kuɗi su shiga asusun ma'aikaci, shi ne ginshiƙin kuɗin shigar cikin gida na yawancin jihohi, kuma sabuwar doka ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata, abin da yake samu a shekara 840,000 ne, wato kusan ya fita daga sahun masu biya. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan sauƙi ne da ya daɗe yana jira. Ga jihar da mafi yawan masu albashinta malaman firamare ne da ƙananan ma'aikatan gwamnati, giɓi ne da za a nemi inda za a cike shi.

Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane inda za a dosa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna Legas ta tara fiye da Naira biliyan 800 a cikin gida, Kaduna kimanin biliyan 62, Kano kuwa, duk da Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, kimanin biliyan 37. Duk shugaban hukumar haraji da ya kalli waɗannan lambobi, kasuwa zai fara hange. Kuma yana da hujja, domin akwai manyan 'yan kasuwa da ke juya ɗaruruwan miliyoyi amma harajin da suke biya bai kai na darakta ɗaya a ma'aikata ba. Matsalar ita ce idan aka saki masu karɓa ba tare da ƙa'ida ba, ba a kan waɗannan manya suke sauka ba. Mai tebur da mai baro da ɗan adaidaita sahu su ne ba su da lauya, ba su da lambar wayar kwamishina.

A nan aikin majalisa yake, kuma tsarin mulki ya faɗe shi ƙarara. Jadawali na biyu ya ba majalisar jiha ikon tsara harajin da ƙananan hukumomi za su karɓa, ya kuma umarce ta da ta tabbatar ba a karɓi haraji iri ɗaya daga mutum ɗaya a ƙananan hukumomi fiye da ɗaya ba. Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Maigatari ko hatsi daga Dawanau ya nufi Kudu ya san yadda ake bin wannan umarni: shinge bayan shinge, sitika bayan sitika, kowace da sunan wata hukuma. Lokacin da dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu a farkon 2021, tatsar da ake yi musu a kan hanya na cikin koke-kokensu. Kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, ƙarƙashin Taiwo Oyedele, ya ce nau'o'in harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, yana son su koma ƙasa da 10. Majalisar Ƙasa ba ta da ikon soke kuɗin rumfa ko na tasha. Sai kowace majalisar jiha ta yi tata dokar, ta jera abin da ya halatta a karɓa, ta faɗi adadinsa, ta haramta shinge a kan hanya, ta kuma tanadi hukunci ga jami'in da ya karɓi abin da ba ya cikin jerin.

An taɓa gwada hakan. Kaduna ta yi dokar tattara harajinta wuri ɗaya a 2016, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Jihohi da dama sun yi makamanciyarta bayan 2018, lokacin da wani shiri na Bankin Duniya ya sa dokar cikin sharuɗɗan samun tallafi. Da yawa daga cikin waɗannan dokoki an zartar da su ne a gurguje domin kada wa'adin tallafin ya wuce, ba a kira ƙungiyoyin 'yan kasuwa an ji ta bakinsu yadda ya kamata ba, ba a fassara jadawalin zuwa Hausa an manna a ƙofar kasuwa ba. Dokar na nan a littafi, mai riga mai ƙyalli kuma yana nan a bakin shago. Kwamitin kuɗi na majalisa yana da ikon kiran shugaban hukumar haraji ya bayyana kamfanonin da aka ba kwangilar karɓa, da kason da suke yanka, da dalilin da ya sa ake rufe shaguna ba tare da umarnin kotu ba. Irin wannan zama ne ba a cika ganin labarinsa ba.

Haraji a ƙasar Hausa tsohuwar magana ce ta siyasa. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abubuwan da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi, domin talaka ya daɗe yana kallonsu a matsayin sandar dagaci da hakimi. Jikokin waɗancan talakawa su ne ake cewa yanzu su shigo cikin rajistar masu biyan haraji. Kafin su amince, za su so ganin wanda ke bin diddigin kuɗin.

Bindiga a hannun wa, ƙarƙashin wace doka

Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, kuma makamai na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma da wuta ta ci ƙauyuka, jihohi suka nemi ƙofar baya. Jihohin Yarabawa sun kafa Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 da mutum fiye da 1,400 a rukunin farko, Zamfara ta fito da Askarawa fiye da 2,600 a Janairun 2024, Sakkwato ta bi sahu a shekarar, Kano ma ta yi tata a 2025. Kowace daga cikinsu da dokar majalisar jiha ta tsayu. Babu mai musun cewa matasan nan sun kare garuruwa, da yawansu kuma sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Kafa runduna shi ne mataki mai sauƙi. Tambayoyin da ke biyo baya su ne masu nauyi. Wa ke tantance waɗanda ake ɗauka, kuma me zai hana a cika rundunar da yaran siyasa? Idan jami'i ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ina iyalansa za su kai ƙara in ba wurin kwamandan da ya tura shi ba? Awa nawa rundunar za ta riƙe wanda ta kama kafin ta miƙa shi ga 'yan sanda? Me aka tanadar wa matar jami'in da ya mutu? Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ya isa darasi, domin kisan da aka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar da har yau ba a kashe ba. Kisan mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, bayan 'yan sintiri sun tare motarsu, ya nuna cewa ɗan Arewa ma kan zama abin farautar rundunar da ba ta da linzami. Dattawan da suka ga zamanin 'yan doka na En'e, da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan NEPU kafin sojoji su haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan 1966, ba su buƙatar a yi musu bayani.

Abin da majalisu suka fi gwanancewa a kai shi ne tsananta hukunci. Zamfara ta yi doka a Yunin 2022 da ta tanadi kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu bayanai, jihohi da dama kuma suna da irinta a kan garkuwa da mutane. Dokar kisa tana daɗin karantawa a kanun labarai, ba ta kuma cin ko sisi. Samar da lauyoyin gwamnati da za su gurfanar da waɗanda aka kama, da kare shaidu, da ƙara alƙalai, su ne ke buƙatar kasafi da bibiya.

Sai maganar kuɗin tsaro na gwamna, wanda ake fitarwa ba tare da an kawo rasit ba. Wani rahoto da ƙungiyar Transparency International ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan kuɗaɗe sun kai dala miliyan 670 a shekara a faɗin ƙasar. A Disamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, gwamnonin Arewa sun amince kowace jiha ta riƙa zuba Naira biliyan ɗaya duk wata a asusun tsaro na yanki. Niyyar mai kyau ce. Sai dai sanarwar bayan taro ba doka ba ce, kuma Sashe na 120 bai keɓe kuɗin tsaro daga buƙatar amincewar majalisa ba. Ba lallai a tattauna sirrin yaƙi a bainar jama'a ba, kwamitin tsaro zai iya zama a asirce ya duba takardu. Bambancin zaman sirri da rashin zama kwata-kwata shi ne bambancin sa ido da sakaci.

Duk ranar da ƙudurin kafa 'yan sandan jihohi ya tsallake Majalisar Ƙasa, sai majalisu 24 cikin 36 sun amince kafin ya shiga tsarin mulki. A 2022 shugabannin majalisun da kansu suka nemi a saka batun cikin gyaran da ake yi, har suka jinkirta ƙuri'a a kan sauran ƙudurori. Bayan amincewa kuma su ne za su rubuta dokar da za ta faɗi wanda zai naɗa kwamishinan 'yan sandan jiha da wanda zai iya tsige shi. Majalisar da ta kasa tambayar gwamna yadda aka kashe kuɗin man motocin sintiri, ita ce za a ce ta hana shi tura 'yan sanda gidan abokin hamayya.

Farashin rijiyar burtsatse

Me ya sa majalisar da doka ta ba wannan ƙarfi take tafiya kamar wani sashe na Gidan Gwamnati? Amsar da aka saba bayarwa ita ce kwaɗayi, amma ba ta wadatar ba. A ƙofar gidan kowane ɗan majalisa, tun daga asuba akwai mai takardar asibiti, da mai kuɗin jarrabawar ɗa, da mai haihuwa, da tawagar unguwar da taransifomarta ta ƙone. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tsarin mulki ya ɗora masa, amma da su za a auna shi ranar zaɓe. Ba a jin mai zaɓe yana cewa wakilinsa ya gyara sashe kaza na dokar haraji. Abin da ake ƙirgawa shi ne rijiya, da ajujuwa, da kekunan ɗinki, da gurbin aiki.

Waɗannan kuwa ba a aljihunsa suke ba. A tarayya an saba ware Naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu, hukumar ICPC kuma tana bin sawunsu tun 2019, inda ta sha gano ayyukan da aka biya ba a yi ba da kayan da aka ɓoye a gidajen 'yan siyasa. A jihohi lamarin ya fi rataya a wuyan mutum ɗaya. Ɗan majalisa zai ba da sunan aiki, a rubuta shi a kasafi, amma sakin kuɗin sai gwamna ya ga dama. Wanda ya matsa tambaya a kan kwangilar karɓar haraji ko kuɗin tsaro, aikinsa na iya kwana a takarda har shekara ta ƙare, ya koma gida hannu rabbana, abokin hamayyarsa a jam'iyya kuma yana jira. Tikitin takara ma sau da yawa daga hannun gwamnan yake fitowa. Ta haka rijiyar da aka haƙa wa unguwa take zama kuɗin shirun da aka yi a kan dokar da za ta tatsi 'yan unguwar.

Saurin da ake yi idan gwamna na so ya isa shaida. A Mayun 2019 majalisar Kano ta zartar da dokar ƙirƙiro sabbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta soke sabbin masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ko mutum na goyon bayan wace daga cikin biyun, zai yarda cewa rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda Sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa kwamitinta ya duba, bai taɓa samun irin wannan gaggawa ba. A Kaduna, wani kwamitin majalisa ya fitar da rahoto a Yunin 2024 yana zargin gwamnatin Nasir El-Rufai da karkatar da Naira biliyan 423, zargin da tsohon gwamnan ya musanta ya kuma kai ƙara kotu. Ko ma yaya shari'ar ta ƙare, kasafin waɗannan shekaru takwas majalisar Kaduna ce ta amince da su ɗaya bayan ɗaya, kuma haƙoranta ba su fito ba sai da mai kujerar ya sauka.

Inda aka samu masu ja da baya, sakamakon ma ba ya ƙarfafa gwiwa. A Fabrairun 2024 majalisar Zamfara ta dakatar da mambobi takwas bayan yunƙurin tsige kakakinta, rikicin ya ja fiye da shekara, mazaɓun da ke fama da 'yan bindiga suka zauna ba mai magana da yawunsu a zaure. A Ribas, Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafin 2024 a gaban mambobi huɗu, rigimar ta kai ga dokar ta-ɓaci a Maris na 2025 da ta dakatar da gwamna da majalisa na wata shida. Tun 1981, lokacin da majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa, ƙarfin majalisar jiha ya fi bayyana a faɗan jam'iyya fiye da a duba littafin kuɗi.

An yi zaton cin gashin kai na kuɗi zai warware matsalar. A 2010 majalisun da kansu suka ƙi ba ƙudurin 'yancin nasu ƙuri'un da yake buƙata. An shigar da shi tsarin mulki a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarni na 10 a 2020 don tilasta aiwatarwa, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, aka sake wani gyara a Maris na 2023, duk da haka ma'aikatan majalisu suka shiga yajin aiki a ƙarshen shekarar saboda jihohi da yawa ba su aiwatar ba. Ko da an aiwatar, kuɗin gudanar da majalisa daban, kuɗin rijiya daban. Muddin sakin na biyun yana hannun gwamna, na farkon ba zai sauya lissafin ɗan majalisa ba.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago suna da wata dama da ba su cika amfani da ita ba. Kowace majalisa tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, kuma ƙudurin haraji kan bi ta zaman jin ra'ayi kafin karatu na uku. Shugabannin kasuwa sun saba kai ziyarar ban-girma Gidan Gwamnati idan an rufe musu shaguna, alhali adadin da za a karɓa a hannunsu ana rubuta shi ne watanni kafin nan, a jadawalin da ke bayan ƙuduri, a ɗakin kwamiti da sau da yawa kujerun baƙi ke zama wayam. Jihohin da ke daidaita dokokinsu da sabon tsarin tarayya duk sai sun bi ta wannan ɗaki, haka ma kasafin da zai nuna nawa aka ware wa rundunonin tsaro da nawa aka rubuta da sunan ayyukan mazaɓu.